Dihe, gansakukar da ake miya da ita



Kowa ya san gansakuka. Ita ce koren abin nan mai santsi da ke rufe bakin tabki bayan damina ta ɗauke, ita ce ke mannewa jikin randa idan uwargida ta yi kwana biyu ba ta wanke ta ba. A wurinmu ƙazanta ce. Yaro ya taɓa ta, a ce ya je ya wanke hannu. To, yau zancenmu bisa wata irin gansakuka ne da mutane ke ci, har su kai ta kasuwa a saye da kuɗi. Kuma ba a bangon duniya ba, nan maƙwabta ne, gabas da Tabkin Cadi. Sunanta dihe. Bayan mun gama da ita za mu leƙa bakin teku, inda ake noman ƴan uwanta kamar yadda muke noman hatsi.

Ga dalilin da ya sa muka ɗauko zancen. A birane yanzu ana ganin wani koren gari, wani lokaci ƙwayoyi, cikin ƴan gwangwanaye da leda, ana ce masa sifirulin. Masu talla suna rantsuwa maganin kome da kome ne. Wasu kuma da suka ji an ce gansakuka ce, sai su ce ai ga ta nan banza a tabkin bayan gari, me zai hana mu ɗiba? Na farko yana iya ɓarnar kuɗinsa. Na biyu yana iya rasa ransa, ko na bisashensa. Saboda haka sai ku saurara da kyau.

A ƙasar Kanem

Kanem tana cikin ƙasar Cadi, arewa maso gabas da tabkin. Ƙasar tuddan rairayi ce. Tsakanin tudu da tudu akwai kwari, ruwa yana tsatsowa daga ƙasa ya kwanta, rana ta yi ta shan shi, ya bar kanwa. Wanda ya taɓa zuwa ƙasar Manga, wajen Maine-Sorowa da Gudumariya, ya san kamanninta. Ruwan babban tabkin shi kansa mai daɗi ne, dihe ba ta son shi. Ƙananan tabkunan kanwa take so, waɗanda ruwansu ya yi kaifi har yawancin abin da ke rayuwa cikin ruwa ba ya jure masa. Nan take samun fili ita kaɗai, ta yi ta hayayyafa har ruwan ya koma kore shar.

In an duba ta da madubin likita, sai a ga ƴan zarurruka ne murɗaɗɗu, kowane bai kai rabin milimita ba. Ba ta da saiwa, ba ta da ganye, ba ta fure. Masana sun ce ba ma tsiro ba ce ta sosai, wata ƙaramar halitta ce da ke cin hasken rana kamar yadda tsiro ke yi. Wannan murɗewar ce ta sa Turawa suka raɗa mata suna sifirulin.

Ɗibar dihe aikin mata ne, matan Kanembu. A wasu tabkuna namiji ba ya ma shiga ruwan, don an yi imani in ya shiga tabkin zai daina bayarwa. Idan iska ta koro ta gefe ɗaya ta yi kauri, mata su shiga da safe da ƙorai da kwanoni, su yi ta yaɗe saman ruwan kamar mai yaɗe man shanu. Sai su hau tudu, su share rairayi, su yi ɗan rami mai faɗi marar zurfi, su zuba a hankali. Rairayi ya shanye ruwan, koren ya zauna a sama. Su shafe shi da tafin hannu ya yi kamar waina babba, su tsaga shi gida-gida tun yana da danshi, rana ta ƙarasa aikin. Busasshen shi ne ake kai wa kasuwannin Mawo da Masakori da Njamena.

Kada ku ɗauka ƙaramar sana'a ce. Wani bincike da aka buga a shekarar 2000 ya ƙiyasta tabki ɗaya tak, mai suna Kosorom, yana ba da wajen ton 40 na busasshiyar dihe a shekara, cinikin da ya haura dalar Amurka 100,000. Dalar Amurka fa muka ce, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Kuma kuɗin hannun mata yake shiga.

Aibinta ɗaya, kowa ya san shi: rairayi. Abin da aka shanya bisa ƙasa ba ya rabuwa da ƙasa, ga kashin bisashe, ga ƙwari. Daga shekarar 2007 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da kuɗin Tarayyar Turai, ta yi aiki da ƙungiyoyin matan yankin don su riƙa tace ta da ƙyalle, su shanya ta nesa da ƙasa. Dihen da aka yi haka ta fi tsabta, ta kuma fi daraja a kasuwa.

Yankin kansa ya sha wuya. A 1963 Tabkin Cadi ya kai murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin 1973 da na 1984 bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, mutanen Ngigmi da suka saba ganin ruwa a bakin gari suka wayi gari sai rairayi. Daga 2015 kuma rashin kwanciyar hankali ya taɓa jihar Difa, fatauci ta wannan hanya ya yi wuya.

Yadda duniya ta ji labarinta

Matan Kanem sun daɗe suna wannan aiki kafin wani ya rubuta shi. A 1940 wani masanin tsirrai na Faransa, Piyar Danjar, ya samu guntun dihe da aka sayo a kasuwar Masakori, ya duba, ya rubuta abin da ya gani. Lokacin yaƙin duniya ne, ba wanda ya kula. Sai a 1964 zuwa 1965 wani ɗan Beljiyam, Jan Lewonar, da ke cikin ayarin masu binciken Sahara, ya ga korayen wainoni a kasuwar Fort-Lami, wato Njamena ta yau. Ya bi sawu har tabkunan. Da aka auna aka ga abin da ke ciki, sai hankalin masana ya tashi.

Daga baya aka tuna ashe can ƙetaren teku ma, a ƙasar Meksiko, mutanen Aztek sun san ta. Sojojin Sifen da suka ci birninsu a 1521 sun tarar ana sayar da ƴan wainoni da ake yi da abin da aka yaɗo daga tabkin Teskoko, ɗaya daga cikinsu ya ce ɗanɗanonsu kamar na cuku. Can al'adar ta mutu bayan an janye ruwan tabkin. A Kanem ba ta taɓa yankewa ba. Yau manyan kamfanoni a Sin da Indiya da Amurka suna noma ta cikin kududdufai na siminti, su ne ke cika gwangwanayen da muka ambata.

A cikin tukunya

A Kanem dihe kayan miya ce, kamar yadda kuka ko busasshiyar kuɓewa take a wurinmu. Uwargida ta ɗauki guntu ta marmashe ko ta daka, ta jiƙa cikin ruwa, ta dama, ta bar shi ya ɗan kwanta. Rairayi ya fi nauyi, shi zai sauka gindin ƙwarya. Sai ta tsiyaye na sama a hankali, in da rariya mai laushi ta tace, ta zubar da na ƙasa. In ta yi gaggawa a nan, maigida zai ji ta a haƙori.

Can kuma ta soya albasa da mai, ta sa tonka da gishiri da ɗan nama ko busasshen kifi in akwai, ta zuba ruwan dihe, ta bar shi bisa wuta marar ƙarfi wajen awa ɗaya tana motsawa. Wasu kan ƙara kuɓewa don yauƙi, wasu wake. Miyar takan fito kore mai duhu, ana ci da tuwon hatsi. Tana da ƙanshi mai ƙarfi, kusa da na busasshen kifi. Baƙo kan yamutsa fuska a karon farko. Amma mu da muke sa daudawar batso cikin miya muna lashe hannu, ba mu da bakin yi ma kowa dariya a kan wari.

Mata masu ciki a can suna cin ta ƙwarai. Tsofaffi na cewa duhun launinta yana kāre jinjiri daga idon mayu. Mu dai abin da muka sani, mai ciki tana bukatar abin da ke ƙara jini, kuma dihe tana da shi. Kowa da hanyar da ya bi, a rijiya ɗaya aka haɗu.

A lura da bambanci ɗaya. Dihen gargajiya, wadda ta kwana bisa rairayi, tilas a dafa ta sosai. Shi kuwa tsabtataccen garin da aka noma aka rufe cikin leda, ba ya son doguwar wuta, zafi yana rage amfaninsa. Shi sai an sauke tukunya sannan a barbaɗa: cikin kunu, cikin fura, cikin kwaɗon zogale, bisa shinkafa da wake. A fara da rabin ƙaramin cokali a yini, don wasu cikinsu kan ɗan motsa a kwanakin farko, a hankali a kai cokali ɗaya ko biyu. In bayan gida ya yi kore kada a tsorata. Jinjirin da bai kai wata shida ba kuwa ba ruwansa da wannan zance, nonon uwa kawai.

Me take yi ma jiki?

In an auna busasshiyar sifirulin mai tsabta, wajen kashi 60 bisa 100 sinadarin gina jiki ne, irin wanda muke nema cikin nama da ƙwai da wake. Wake yana da wajen 23 bisa 100, hatsi wajen 11. Tana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Tana kuma da abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi, yaro ya kasa gani da magariba, ya kuma sa ƙyanda da zawo su fi kayar da shi.

Wannan duka gaskiya ne. Amma masu talla a nan suke tsayawa, mu kuwa bari mu ƙarasa lissafin. Ba a cin dihe da tiya. Mutum ɗaya a miya ɗaya yakan samu wajen garam 10 ne. Kashi 60 bisa 100 na garam 10, garam 6 ke nan, daidai da abin da ke cikin ƙwan kaza ɗaya. Garam 100 na wake, wanda bai kai cikin tafin hannu biyu ba, yana ba da garam 23. Kun ga ke nan wanda ya sayar da wakensa don ya sayi gwangwanin sifirulin ya yi cinikin asara. Amfaninta shi ne ƙari: ɗan kaɗan ya gyara kunun hatsi zalla da yaro ke sha safe da yamma, musamman lokacin da rumbu ya yi ƙasa, nono ya ƙafe.

A Wagadugu, ƙasar Burkina Faso, an gwada ba yara masu tamowa kunu mai sifirulin, aka ga nauyinsu ya ƙaru. Labari ne mai daɗi, sai dai gwaje-gwajen irin wannan ƙanana ne, likitoci ba su ɗauke ta a matsayin maganin tamowa ba. Yaron da ya rame har haƙarƙari ya fito, ko ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja, ya daina cin abinci, wurinsa gidan likita ne, yau ba gobe ba. Can akwai madara da abincin gyaɗa da aka haɗa musamman dominsa. Kuma sifirulin ba ta warkar da sida, ba ta warkar da ciwon sukari ko hawan jini. Duk wanda ya ce ku bar maganin likita ku koma mata, aljihunku yake so. Haka nan ba ta maye gurbin nono da nama da ƙwai: akwai wani bitamin, B12, da jini da jijiyoyi ke bukata, wanda yawancin na cikinta jikin mutum ba ya iya aiki da shi.

Ƴan uwanta na teku

Mu ba mu da teku. Daga Yamai zuwa Kwatano tafiyar kilomita dubu ce da ɗoriya. Amma ya kamata manomi ya san abin da manoman wasu ƙasashe ke yi, kuma za ku ga a ƙarshe zancen ya dawo cikin tukunyarmu.

Cikin ruwan gishiri akwai ciyayi iri-iri, kore da ja da ruwan ƙasa. Suna manne ma duwatsu, suna shan abincinsu daga ruwa kai tsaye. Wata kamar tafin hannu, wata ta fi giginya tsawo, har mita 30 ko fiye. Duniya tana girbe wajen ton miliyon 35 na ɗanyarta a shekara, kusan duka nomawa ake yi bisa igiyoyi da raga cikin teku, Sin da Indunusiya ne a gaba. Gona ce da ba ta jiran ruwan sama, ba a kai mata taki.

A Japan akwai wadda ake ce ma nori, ana niƙa ta a shanya ta fito kamar baƙar takarda, a naɗe shinkafa da ita. Akwai kombu, mai kauri kamar fata, ana tafasa guntunta a samu romon da kusan kowace miyarsu ke farawa da shi. A Koriya kuwa, ran da mace ta haihu, abin da za a fara kawo mata miyar ciyawar teku ce mai suna miyok, kuma ita za ta yi ta sha har makonni, kamar yadda maijego ke shan kunun kanwa a wurinmu. Dahuwarta ba wuya: a jiƙa busasshiyar, ta kumbura ta ninka sau da yawa, a yayyanka, a soya da man riɗi da ɗan naman sa da tafarnuwa, a zuba ruwa a bar shi ya nuna. Duk shekara ran da mutum ya zagayo ranar haihuwarsa sai ya sha wannan miya don tunawa da wahalar uwarsa. Wannan al'ada ta burge mu.

A Afirka ma ana yi. A tsibirin Zanzibar na Tanzaniya an fara noman ciyawar teku don sayarwa a 1989, suna ce mata mwani, kuma yawancin manoman mata ne. Idan ruwa ya janye su kafa turaku, su ja igiya, su ɗaɗɗaura ƴan guntaye, bayan mako shida su girbe su shanya. Yawanci waje ake kai ta, a tatsi wani abu mai kauri da ake sa ma man goge haƙori da kayan madara. Su ma suna kuka da ɗumamar ruwan teku da ke ruɓar da shukar, kamar yadda muke kuka da ƙarancin ruwan sama.

Ga inda muka ce zancen zai dawo gida. A 1908 wani malami a Tokiyo, Kikunaye Ikeda, ya tsaya neman abin da ke sa romon kombu daɗi. Ya gano sinadarin, ya fitar da shi kamar gishiri, a 1909 aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto. Shi ne farin magin da mata ke saye a ƙulle a kasuwar Maraɗi da Damagaram da Tawa. Yau ba daga ciyawar teku ake yin shi ba, daga rake da rogo da masara ne. Kuma wannan sinadari ɗin yana cikin daudawa tun fil azal, ga ta da abin gina jiki a kai, wanda farin magi ba shi da shi. Uwargida, kada ki yar da daudawarki.

Zancen maƙoƙo

Babban abin da ciyawar teku ta fi kowace cimaka da shi shi ne aidin, wanda ma'aikatan likita a nan ke ce ma iyod. Daga tokarta ma aka fara gano shi, a Faransa a 1811, wani mai haɗa kayan albarushi, Barnar Kurtuwa, ya ga hayaƙi mai launin shuni ya tashi daga tukunyarsa.

Jiki kaɗan yake bukata. Duk abin da mutum zai ci na aidin tun daga haihuwa har tsufa bai wuce ƙaramin cokali ɗaya ba. Amma in babu shi, wata tsoka da ke gaban wuya sai ta kumbura tana nema, shi ne maƙoƙo. Maƙoƙon da ake gani ma shi ne ƙaramar ɓarna. Babbar tana ga mai ciki: ɓari, haihuwar gawa, ko a haifi yaro ya tashi da kurumta ko ƙarancin basira, a kai shi lakwal ya kasa, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne, alhali tun a ciki aka cuce shi. Teku ce ma'ajiyar aidin, ƙasashen da ke nesa da ita kamar tamu ƙasarsu ba ta da shi sosai, don haka amfanin gonarsu ma ba shi da shi. Bincike a Darfur ta Sudan ya kuma nuna inda mutane suka dogara ga hatsi kaɗai, ga ƙarancin aidin, maƙoƙo ya fi yawa. Rogon da ba a jiƙa aka gyara sosai ba shi ma haka. Ba cewa muka yi a bar hatsi ba, Allah ya kiyaye. Cewa muka yi mai cin hatsi ya kula da gishirinsa.

To a nan ne mutane ke ruɗewa. Sun ji an ce gansakukar teku tana hana maƙoƙo, sun ji an ce sifirulin gansakuka ce, sai su haɗa biyun. Dihe ba ta teku ba ce, ta ruwan kanwa ce, aidin ɗin cikinta bai taka kara ya karya ba. Ko buhu mutum ya ci, maƙoƙonsa yana nan. Ita kuma ta tekun, in an yi mata yawa sai ta zama cuta: a gaɓar arewacin Japan likitoci sun tarar da masu maƙoƙo saboda yawan cin kombu. Saboda haka wanda ɗan uwa ya aiko ma ƙwayoyin ciyawar teku daga waje, musamman mai ciki ko mai ciwon wuya, ya nuna ma likita tukuna.

Maganin da ke kusa da mu, mai araha, gishiri ne mai aidin. Tun cikin shekarun 1990 doka a Nijar ta ce gishirin da ake sayar ma mutane ya kasance da shi. Ku duba rubutun jikin leda ko buhu, in ba ku iya karatu ku sa ɗan lakwal ya duba. Kantun Bilma da gishirin Foga da manda suna da wurinsu, bisashe suna son su, amma yadda ake haƙo su a kawo kasuwa ba a sa masu aidin. Gishiri mai aidin kuma a ajiye shi cikin abu mai murfi, nesa da rana da laima da bakin murhu, a sa shi cikin miya gab da saukewa, don aidin yana tashi. Ba a ce a ƙara yawan gishiri ba, yawansa yana kawo hawan jini. Wanda aka saba sawa ya isa, in dai mai aidin ne.

Tabkin bayan gari

Yanzu ga maganar da muke so ko an manta sauran a riƙe ta. Kada kowa ya ɗebi gansakukar tabki ko gulbi ko kududdufi ya ci, ko ya ba yaro, ko ya ba kaji. Dihe tana da ƴan uwa na jini da ido ba ya iya bambanta su da ita, kuma wasunsu dafi gare su, mai lalata hanta, wani mai kama jijiyoyi. Tafasa ruwa ba ya kashe wannan dafi. Abin da ke kāre matan Kanem shi ne kaifin kanwar tabkunansu, wanda ke korar yawancin miyagun, da kuma sanin da suka gada na wane tabki ake ɗiba, a wane lokaci. Tabkinmu na ruwan sama ba shi da wannan kariya.

Makiyaya, wannan ya shafe ku ƙwarai. Tun a 1878 aka rubuta labarin tumaki da shanu da dawaki da suka mutu a Ostareliya bayan sun sha daga wani tabki da ya yi kore. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botsuwana, hukumomin ƙasar suka ɗora laifin bisa wannan dafi. Abin da ya kayar da giwa, ina ga tunkiya? Lokacin hatsarin shi ne bazara, ruwa ya ragu, ya yi zafi, ba ya gudu, kashin bisashe ya taru a ciki. In kun ga saman ruwa kamar an zuba koren fenti, ko kumfa mai wari ta taru a gefen da iska ke kaɗawa, ko matattun kifi da tsuntsaye a baki, ku janye garke ku nemi rijiya ko da nisa. Bisar da ta sha ta fara rawar jiki, dalala, tangaɗi ko zawo, a gaggauta sanar da malamin dabbobi, kuma in ta mutu ko an yanka ta a wannan hali kada a ci, hantar musamman.

Ko za mu iya noma ta?

Ana iyawa, a Kudugu ta Burkina Faso an daɗe ana yi. Rana muna da ita, tana son zafi wajen digiri 35. Kanwa muna da ita a Manga da Dallol Boso. Ana gina kwami na siminti ko a shimfiɗa tamfol mai kauri, zurfin ruwa kamar santimita 20, a narka kanwa da ɗan gishiri da takin zamani bisa awon da masani ya bayar, a zuba iri. Irin kuma daga gonar da aka sani ake karɓo shi, ba daga tabki ba. Sai motsawa sau da yawa a yini, da ƴar inuwa lokacin da rana ta take. Da safe a tace da ƙyalle mai laushi, a matse, a murza ta kamar taliya, a shanya a inuwa mai iska inda ƙura da ƙuda ba su kai.

In aiki ya yi kyau, murabba'in mita ɗaya yana ba da garam 5 zuwa 8 na busasshiya a yini. Kwami mai murabba'in mita 10 ke nan garam 50 zuwa 80, abin da zai ishi yara goma sha biyar ko ashirin ƙaramin cokali kowanne. Amma a bazara wannan kwamin yana iya asarar kusan lita 100 na ruwa kullum, tilas a mayar. Da ɗari girmanta yana ja baya, ƙurar hunturu tana ɓata ta, ruwan sama in ya shiga da yawa ya sirka kanwar, miyagun iri su samu ƙofa. Kwana uku na sakaci, aikin wata uku ya ruɓe.

A ganinmu wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ya dace da ƙungiyar mata da ke da fanfo ko rijiyar garka kusa, da wanda ya je ya koyo ya dawo, da gidan likita ko lakwal da za su riƙa saye. Garin da mata ke tafiyar awa biyu neman ruwan sha, su fara da zogale a bakin rijiya da wake cikin hatsi. Garin da ke da ruwa kuma yana sha'awa, shugabar ƙungiya ta tuntuɓi malamin gona na yankinku, a auna ruwan rijiyar da kanwar da za a yi aiki da ita kafin a sayi siminti ko buhu ɗaya.